Rubutun da Na Sha a Cikin Shinge

Ni ba a makaranta na fara karatu ba. A tsare na fara shi, cikin shingen ƙaya, lokacin yaƙin Jamus na farko. Bokon nan da nake rubutu da shi sai da na yi furfura na koye shi, a ajin manya a nan Gumel. Amma ba shi nake son ba da labari ba.

A ƙasar Sule Tankarkar aka haife ni. Aka kai ni aure wani ƙauye arewa da Maigatari, inda in ka fito da safe kafin rana ta yi zafi ka isa. Tun muna yara Nasara suka bi daji suna kafa turaku, suka ce nan na Ingilishi ne, can na Faransa. Ba wanda ya damu. Kasuwarmu ɗaya, rijiyoyinmu ɗaya, muna aurar juna. Gidan ubana ya faɗo a kudu, gidan mijina a arewa, ban taɓa jin na ƙetare wani abu ba sai da yaƙi ya zo.

Faransa na son soja, kuma ba roƙo suke yi ba, kamu suke yi. Waɗanda aka kwasa daga garinmu a karon farko, ko labarinsu bai dawo ba. Da aka ji za a sake zuwa, samari suka tsallake Maigatari, wasu suka wuce har Gagarawa suna ƙwadago. Mijina na cikinsu. Ya ce in biyo shi, na ce sai na gama sussukar geron da ke rumbu, kada a bar uwarsa tsohuwa da aikin ita kaɗai. Ban gama ba sojojin Faransa suka iso, baƙaƙe 'yan'uwanmu, masu jar hular dara. Ba su tarar da namiji mai ƙarfi ko ɗaya ba, sai suka tattara mu, matan aure da iyaye mata, suka kora mu barikinsu. Suka ce duk wadda mijinta ko ɗanta ya kawo kansa, a ranar za a sake ta.

Na san mijina. Mutum ne mai sanyi, wanda in za a yanka kaza sai ya kira maƙwabci. Irinsa ba ya zuwa yaƙi ya dawo. Tun a hanya, ƙaya na sukar ƙafata, na ƙudura abu ɗaya a raina: ba zai zo saboda ni ba. Nasara zai gaji da ciyar da mu. Ni dai in jure har ya gaji.

Wurin da aka zuba mu fili ne a bayan bariki, an kewaye shi da ƙaya mai tsawo, da rumfar zana guda wadda ba ta isar mu duka. Bazara ce. Na zaci duka za a yi mana, ko a sa mu ɗaukar dutse. Ba a taɓa mu ba. Matan soja ke dafa abinci su turo mana, a kawo ruwa a tulu, a rufe ƙofa. Shi ke nan. Zama.

Wanda bai taɓa yi ba zai ce ai hutu ne. Ni tun da na iya riƙe taɓarya ban taɓa wuni hannuna ba komai ba. In ba daka ba, kaɗi. In ba kaɗi ba, rijiya. Sai ga ni da hannuwa biyu a kan cinya kamar na aro. Da safe in farka jikina ya miƙe zai nufi turmi, babu turmi. Muka yi wa juna kitso, muka tsefe, muka sake, har fatar kai ta yi tsami. Muka yi carafke da tsakuwa kamar 'yan mata. Wata ta fara tatsuniya da rana tsaka, tsofaffi suka yi mata ca, ta yi shiru. Muka yi faɗa. Ni na yi da wata doguwa daga ƙauyen gabas da namu, a kan inuwa, na yaga mata zane, ta ciji hannuna, kuma wallahi na ji daɗin faɗan, don dai wani abu ya faru a ranar.

Sai na kama zagaye. In bi gindin shinge in kewayo, in sake kewayowa, tun hantsi har la'asar. Ƙafata ta fitar da hanya a cikin rairayi. Ina tafe ina lissafin abin da ke lalacewa: geron da na bari a masussuka, akuyata mai ciki, gonar da ba a share ba ga damina na matsowa. In na tsaya sai in ji kamar tururuwa na bin ƙashina.

Duk ranar kasuwa tafinta yakan zo. Bahaushe ne kamarmu, mai tsabtar riga, yana tauna goro a gabanmu mu da muka manta ɗanɗanonsa. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "To, matan gari, wa ke marmarin ɗakinta? Ba wuya. Ki faɗi inda yake, mu aika a gaya masa kina kiransa." Ranar farko ba wadda ta tanka. Da aka jima wata mai goyo ta miƙe. Bayan 'yan kwanaki muka ga mijinta a ƙofa da igiya a ƙugu, ita kuma ta fita ba ta dubi kowa ba. Na tofar da yawu a bayanta. Amma ranar kasuwar da ta biyo, da tafinta ya yi tambayarsa, sai na ji bakina yana buɗewa da kansa. Na cije leɓe har ya yi jini.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, Babarbariya, an kamo ta saboda ɗanta. Iya muke ce mata. Ba ta kitso, ba ta faɗa, tana zaune a gindin rumfa da carbinta. Washegari ina cikin zagayena sai ta ce, "Ke 'yar nan, kina sa mini jiri. Zo ki zauna."

Na ce, "Ba na iya zama, Iya."

"To kasuwa mai zuwa ke ce za ki miƙe. Na ga bakinki jiya."

Na tsaya cak. Da wata ce ta faɗa da mun kwashi 'yan kallo. Na je na durƙusa a gabanta ina huci.

Ta ce, "Kina salla?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Arniya ce ni?"

"Karanto mini abin da kike salla da shi."

Na karanto. Ta rufe ido kamar mai ciwon haƙori. "Subhanallahi. Wa ya koya miki?"

"A bakin kakata na ji."

"Allah ya jiƙan kakarki, amma ta tauna shi da yawa kafin ta ba ki. Samo mini sakaina."

Ashe ubanta malami ne, bai haifi namiji ba, sai ya zaunar da ita ya koya mata abin da zai koya wa ɗa. Ni har ranar ban taɓa ganin mace ta riƙe alƙalami ba. A garinmu ko jin labari ban yi ba.

Ba allo, sai ta sa na karɓo fasasshiyar ƙwarya wajen wata matar soja, na goge cikinta da rairayi har ya yi sumul. Ba tawada, sai ta sa na kankaro baƙin gindin tukunyar da ake kawo mana abinci, na bi shingen nan ina tsintar ƙaro a jikin rassan da aka saro, muka jiƙa muka dama. Alƙalami kuwa tsinken gamba ne na zaro daga zanar rumfa, ta fiƙe shi da haƙori da bakin dutse. Yinin ranar duka a haɗa kaya ya tafi, kuma sai da rana ta faɗi na lura ban zagaya ko sau ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka na natsu. Ina zaune ƙafata na kaɗawa. Iya ta rubuta baƙaƙe, ta kama yatsana ta ɗora a kan kowane, ta faɗa in faɗa. Duk kamarsu ɗaya a idona, kamar sawun kaji a bakin rijiya. In na ɓata ta murɗe mini kunne, in ce, "Iya, ni fa matar aure ce!" ta ce, "Kunnen ba shi da aure." Wani lokaci in ajiye sakainar in tashi in yi zagaye biyu da sauri in dawo, sai kawai ta nuna inda muka tsaya.

Wasu mata suka shigo, yawancinsu suka gaji suka koma kitso. Wadda ta dage ita ce doguwar nan da ta cije ni. Kanta ya fi nawa saurin ɗauka, abin ya tsaya mini a wuya. In ta riga ni haddacewa sai ta dube ni ta ce, "Mai zagaye, a taimaka miki?" In ce, "Taimaki zanenki, har yanzu a yage yake." Saboda ita na riƙa bitar karatu ina tauna abinci, ina bita ina alwala. Da tafinta ya zo ranar kasuwa ya yi tambayarsa, ina can ina kokawa da wata aya da ta ƙi zama a kaina. Sai da ya tafi na tuna ya zo. Na ce a raina, to, na samo makamin da zan gajiyar da Nasara.

Saura maganar wanki. In ka haddace abin da ke kan allo, sai a wanke a rubuta sabo. Ranar da na fara haddacewa, na ɗauki sakaina zan wanke a ƙasa, Iya ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"A ina za ki zubar?"

Na duba. Ko'ina a filin nan an taka, an yi fitsarin yara, soja sun shigo da takalmi. Babu tafin hannu guda mai tsarki.

"Sunan Allah ne a ciki. Ba ya zuba a nan. Kawo ƙoƙo."

Ta wanke a cikin ƙoƙo da ruwan da aka raba mini na sha, ta miƙo mini. Na shanye. Ɗaci-ɗaci, da warin hayaƙi, da danƙon ƙaro a harshe. Daga ranar haka muke yi. Duk abin da na haddace sai na sha shi, ba don magani ba, don babu inda za a zuba, kuma ruwan ma bai isa a yi wasa da shi ba.

Ana barin dangi su kawo abinci ranar kasuwa, amma ba a barinsu su matso. Su miƙa wa mai gadi ƙwarya, su koma gindin wata aduwa can nesa, inda ido ke kaiwa amma murya ba ta kaiwa sai da ihu. Da gangan aka shirya haka, don a gan mu a kai wa maza labari. Masu uwa ko ƙanwa a gindin aduwar sukan ɗaga murya su gaisa. Ni wadda ke zuwa mini uwar mijina ce, ita ba a kama ta ba tunda an samu matar ɗanta. Ba a yi wa suruka ihu, ba a haɗa ido da ita. Da na hango ta sai in durƙusa, in ja mayafi, in sunkuyar da kai har ta tafi. Daga nan ita kuma ta gangara Maigatari ta gana da ɗanta.

A zuwanta na farko-farko ta same ni ina zagaye kamar zan ci shingen, ta je ta ce masa ina nan da ƙarfina, ya kwantar da hankali. Sai kuma ta zo ta same ni zaune. Ta sake zuwa, ina zaune. Na rame, kamar kowa a wurin. Wata tsohuwa na riƙe da hannuna, tana rubutu, tana wankewa a ƙoƙo, tana ba ni ina sha. Ni ban ga komai a ciki ba. Ina ma jin daɗi ta ga na daina hauka.

Wata safiya da hantsi, an rubuta mini sabon karatu ke nan, sai na ji filin ya yi tsit. Doguwar nan ta taɓa ni, ba da tsokana ba wannan karon. Ta ce, "Ke, wancan ba naki ba ne?"

Yana tsaye a ƙofa, takalminsa a hannu, har an ɗaura masa igiya a ƙugu. Uwarsa na bayansa.

Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa yi masa magana a gaban mutane ba. Ranar na manta. Na isa ƙofar ban san na tashi ba.

"Wa ya aiko ka? Wa ya ce ka zo? Ni na kira ka?"

Bai dubi fuskata ba. Cikina yake kallo. Ya ce a hankali, "Inna ta ce kina shan rubutu."

"To sai me?"

"Ta ce kin daina tashi. Ta ce a irin wurin nan zai iya zubewa."

"Me zai zube?"

Ban rufe baki ba na gane. A wajenmu ba a rubuta wa yarinya mace ta sha sai in ciwo ne ko ciki. Kuma cikin fari ba a faɗarsa, ba a tambayarsa, gani ake yi a gane.

Na ce, "Karatu nake yi! Karatu! Allona nake wankewa!"

Tafinta ya ƙyalƙyale da dariya har goro ya sarƙe shi. "Malam, ka ji? Matarka ta zama malama, kai ka zama soja. Gidanku ya ci gaba."

Mijina bai kula shi ba. Ya ce, "Babu ke nan?"

"Babu."

Sannan ya yi ɗan murmushin nan nasa da ke ba ni haushi ko a gida, ya ce, "To alhamdu lillahi da ba ciwo ba ne."

Na juya wajen tafinta. Na durƙusa masa, ni da na rantse ba zan taɓa yi ba. Na ce a mai da ni ciki, a sake shi, kuskure aka yi, ni ban gaji ba, zan zauna har shekara. Ya ce, "'Yar'uwa, wanda ya shigo ya shigo." Mai gadi ya ja igiya. Mijina ya ajiye takalminsa ya sa, ya waiwayo ya ce, "Akuyar ta haihu, biyu. Suna wajen babanki." Aka shige da shi bayan ginin bariki.

Na koma rumfa ɗauko mayafina. Iya ta riga ta wanke sakainata, ta miƙo mini ƙoƙon. Na ce ba zan sha ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kafa kai ta shanye da kanta, ta goge baki, ta ce, "Tafi, 'yar nan. Kada ki tsaya sallama, za ki sa su kuka." Ita ɗanta bai zo ba har aka sake su, bayan damina. An ce da ƙafarta ta fita. Ban sake ganinta ba.

Ni da uwar mijina muka kamo hanyar kudu, tana gaba ina baya, rana na dukanmu. Kusa da turken iyaka na kasa riƙewa.

"Inna, me ya hana ki tambaya?"

Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Ana tambayar cikin fari?"

"Da kin sa mai gadi ya tambaye ni. Da kin tambayi wata."

"In ce me? In ce ko matar ɗana karatu take yi?" Ta juyo, idonta jawur. "Ke da kika girma a cikinmu, wace mace kika taɓa gani da allo? Na haifi bakwai, duk da rubutu na haife su. Abin da na sani ke nan. Na gan ki kina sha, na ce jikana ne."

Gaskiya ta faɗa. Ita ba ta yi laifi ba, ni ban yi ba, Iya ba ta yi ba. Amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don gari guda, maza da mata, ba a samu mutum ɗaya da zai ga mace da rubutu a hannu ya ce ƙila karatu take yi ba. Ya fi musu sauƙi su ga ciki daga gindin aduwa.

Na koma gidan ubana. Ruwa ya sauka, muka yi shuka, muka girbe. Yaƙi ya ƙare. Aka fara jin sojojin Faransa na dawowa ɗai-ɗai, wani ba hannu, wani yana tari, wani ba ya magana. Duk wanda na ji labarinsa sai na taka har inda yake. Na je Maigatari, na je Ɗanzomo, na tsallaka arewa ba tsoro. In kwatanta musu shi: dogo, mai wushirya, mai sanyin murya. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a bakin teku ana sa su jirgi. Wani ya ce irin wannan ai suna da yawa.

Da shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓace suka cika, ubana ya kawo ni gaban alƙali a Gumel. Alƙali ya ji shaidu, ya ce in yi takaba.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ka ga gawa?"

Ubana ya zungure ni. Alƙali ya ce bai gani ba, amma shari'a ba ta barin mace a rataye.

Na yi takabar, kamar yadda aka ce. Ranar da na fita aka zo da maganar masu nema, ƙanwar ubana tana ta jera mini su. Na ce ta dakata sai na dawo. An ce wani tsohon soja ya sauka a Maigatari, yana sai da gishiri, ni kuwa ban tambaye shi ba tukuna.